Dillali Ya Hana Bakanikena Duba Mota

Tambaya: Malam, na sayar da shanuna a kasuwar Maigatari don in sayi mota a Kano, amma dillalin ya hana bakanikena duba inji sai na ba da kafin alƙalami. Shin haka ake yi? Daga mai karatu a Gumel.

Amsa: Ɗan'uwa, ba haka ake yi ba. La'ada ce ke sa dillali gaggawa, amma mai gaskiya zai bar bakanike ya duba baƙin mai, ya leƙa ƙarƙashin mota, ya kuma gwada lambar shasi da ta takardun kwastan. Yana yi mini ciwo yadda ake raina mutumin karkara. Kai ma kada ka kushe motar. Ka taya da mutunci, idan ya ce albarka, ka ƙara ko ka duba wata.