Muryar Kawu Bala kan ƙaramin rauta mai araha

Ga muryar da Kawu Bala ya turo daren jiya, na rubuta ta saboda masu cewa datarsu ba ta isa su buɗe ba.

Assalamu alaikum. To, Nura, na ji muryarka tun da rana, ina ofis ban samu sukunin amsawa ba, kuma na ga an yi ta zuba maka shawara, wannan ya ce saya, wancan ya ce kada ka kuskura. Tambayarka dai ita ce ɗan ƙaramin rautan nan, injin kafinta na yin rami da gyaran gefen katako, na riƙewa da hannu ɗaya, ɗan Caina mai araha, ko zai yi maka aikin gida, ɗan teburi, kantar littattafai, ko kuwa ka haƙura ka tara kuɗin na kamfanin Makita mai tsada. Haka ka ce. Amma ni yadda na ji muryarka, ka riga ka saya. Wallahi ka saya. Wanda bai saya ba a ina zai san cewa robar gindin tana ɗan motsi? So kake dai a ce maka ba ka yi asara ba, ka samu abin faɗa wa Maman Ilham in ta ga kwalin a ƙarƙashin gado.

To ba ka yi asara ba. Ka ji ni? Ba ka yi ba. Ni ma da irinsa na fara, shi ya yi mini teburin karatun yara da kantar kicin da kuka gani ranar suna. Wanda ke aiki Asabar da Lahadi, bayan la'asar, awa biyu, ba ɗaya yake da kafintan da ke buga gado da wadirof na amare tun safe har magariba ba. Shi wancan in ya sayi mai araha ya cuci kansa. Kai kuwa inji ba shi ne matsalarka ba, baki ne matsalarka. Bakin yankan nan da ake ɗaura masa.

Bari in fara da abin da ba wanda ya faɗa maka a cikin amsoshin nan. Ka kwance notin da ke riƙe bakin, za ka ga wani ɗan ƙarfe mai tsaga a ciki, kolet ake ce masa. Iri biyu ne suke yawo a kasuwarmu, akwai milimita 6, akwai kwatan inci, wato 6.35. Da ido ba za ka bambance ba, bambancin bai kai rabin milimita ba. Amma in ka sa baki mai ƙafar milimita 6 a kolet na 6.35, ka ɗaure iya ƙarfinka, zai yi kamar ya kama, sai kana tsakiyar aiki ya fara zamowa ƙasa a hankali. Ramin da ka fara da zurfin milimita 3 sai ka ga ya ƙare da 7, in ma bai huda katakon ba. Abin nan fa juyi 30,000 yake yi a minti ɗaya, juyi 500 ke nan kafin ka ƙifta ido, a daƙiƙa ɗaya. In ya fita, ba ya tambayar inda zai sauka. Kuma mai shago, ba don mugunta ba, shi ma sau da yawa bai sani ba, zai ce maka duk ɗaya ne, Alhaji. Ba ɗaya ba ne. Ka tafi da kolet ɗinka a aljihu, ko Ƙofar Ruwa za ka ko Sabon Gari, ka gwada a gabansa. Bakin da ya dace zai shiga ɗam, ba ya rawa, kuma ba sai an buga shi ba.

Sannan in za ka ɗaura, kada ka tura shi har ya taɓo ƙarshe ka ɗaure a haka. Ka tura, ka ɗan jawo shi baya kamar milimita 2 ko 3, sannan ka ɗaure. Kada kuma ka zaro shi waje sosai don kana son ya kai zurfi, mafi yawan ƙafar tana ciki.

Waɗannan bakunan da ake haɗo maka a ɗan akwati, goma sha biyu ko sha biyar, masu rawayen fenti, ka riƙe su na koyo. Uku kawai za ka yi ta amfani da su: miƙaƙƙen nan na yin rami, da mai zagaye gefe don kada kaifin teburi ya fasa wa yaro goshi, da mai boris a ƙasa wanda ke bin gefe yana aske fomeka ko abin da ya yi saura. A nan za ka kashe kuɗin da ka rage. Ka sayi waɗannan ukun masu kyau ɗai-ɗai. Inji mai araha da baki mai kyau ya fi Makita da dakusasshen baki, ko a gaban wa zan faɗa. Injiniya Kabiru zai ce a'a, to shi Makita ɗinsa RT0700C ne, wat 710, yana da lambar rage gudu daga juyi 10,000 zuwa 30,000, kuma yana tashi a hankali ba ya fizgar hannu. Ban musa ba, abu ne mai kyau. Amma Injiniya, tsakaninka da Allah, sau nawa ka kunna shi bana?

Yawwa, zancen rage gudun nan. In naka ba shi da wannan lambar, gudu ɗaya gare shi, to kada ka ɗaura masa faffaɗan baki. Duk wanda faɗinsa ya doshi inci ɗaya ka bar shi, ba nasa ba ne.

Abu na biyu... a'a, na uku ke nan ko? Oho dai. Zurfi. Ɗan abin nan asalinsa don aske gefen fomeka aka yi shi, mu ne muka mai da shi jakin gida. Zai yi rami, zai yi gurbin hinji, zai yi ado, amma da kaɗan-kaɗan. Milimita 2, in katakon mai laushi ne irin obeche ko malaina ka kai 3, ka wuce, ka dawo ka ƙara sauke shi, ka sake wucewa. In madaci ne ko loko, to ka ƙara rage hannu. Kunnenka zai gaya maka. Muryarsa tana sama, tsiiii, in ka ji ta faɗo ta koma gurnani, ka cika masa baki, ja baya.

Nan ne fa zan ba ku labarin da na sha bayarwa, Malam Sani na san zai ce Kawu ya fara, to na fara ɗin. Shekarar 2021, bayan ƙaramar salla, wani ɗan uwan mai ɗakina ya zo ya ce in ara masa na kwana ɗaya, zai sa ƙofa. Ban ce a'a ba, kun san sha'anin surukuta. Na zaunar da shi a kan benci, na nuna masa komai, na ce kaɗan-kaɗan, ya ce ai Yaya na gane, ni fa na yi fasaha a sakandare. Kwana ɗaya ya zama sati uku. Ranar da aka dawo da shi ma ba shi ya kawo ba, almajirin gidansu ya aiko, a cikin baƙar leda. Tun kafin in kwance ledar warin ƙonannen koyil ya buge ni. Na duba bakin, ya yi shuɗi, shuɗi fa, kamar bakin salansar babur. Ashe gurbin kuba ya haƙa da shi a ƙofar madaci, zurfin gaɓar yatsa a tafiya ɗaya, kuma da ɗan ƙaramin janaretan nan mai lamba 950 wanda ainihin ƙarfinsa bai wuce wat 650 ba, ga fanka ga talabijin duk a kai. Da na kira shi, kun san abin da ya ce? Ya ce ai dama ɗan Caina ne, Yaya, ba sa ƙarko. Inna lillahi. Shekara biyu yana hannuna ko kabon, ɗan gawayin nan da ke kai wuta ga koyil, ban taɓa canza masa ba.

Ba ma ƙonewar ce ta fi ɓata mini rai ba. Sifana. 'Yar siririyar sifanar nan da ke zuwa a kwali, wadda ita kaɗai ke shiga tsakanin notin da jikin inji, ita ce bai dawo da ita ba. Da filaya ya dinga ɗaure notin, duk ya cinye masa kusurwa, ya zama kamar ƙwallon goriba. Na tambaya, ya ce tana nan, zai duba. Har yau yana dubawa. Mun haɗu a ɗaurin aure sau nawa, mun gaisa, ya ce Yaya ina ajiye da sifanarka. Shekara nawa yanzu? Na kai injin wajen mai naɗin koyil, da ya faɗi kuɗi na ga kaɗan ya rage in sayi sabo, na ce bar shi, na sayo wani irinsa. Wancan yana nan a saman durowa, ina cire masa sukurori in na buƙata. Mai ɗakina ta ce in jefar, na ce a'a, shaida ce.

To ina nake? Eh. Wuta. Wannan ka saurara da kyau, Nura, don ya fi duk abin da na faɗa. Yawancin masu arahar nan makunninsu irin wanda ake turawa ne, in ka tura ya zauna a kunne. Kana aiki aka ɗauke wuta, sai ka yi tsaki ka ajiye shi a kan benci ka tafi shan ruwa, ka manta ba ka kashe ba. Ni ya faru da ni. Ina tsakar gida ina alwala na ji yara sun yi ihun an kawo wuta, sai na ji tsiiii daga zaure. Kafin in ƙarasa ya yi tsalle daga benci, ya ci gefen tabarma, ya naɗe igiyar awo, yana ta birgima a ƙasa kamar kazar da aka yanka. Ƙaramar 'yata minti biyu kafin nan tana wajen tana wasa da dusar katako. Tun daga ranar, ana ɗauke wuta hannuna soket yake fara zuwa. Za ka canza baki, zare waya. Za ka amsa sallama a ƙofa, zare waya. Kuma kada ka yi aiki da riga mai faɗin hannu, ka cire, ka sa 'yar shara ko singileti.

Af, in kuma na gwanjo wani zai saya, ɗan Amurka, ya duba jikinsa. Nasu bolt 120 ne, tamu wutar 230. Kana sawa zai yi ƙara ɗaya mai daɗi, shi ke nan.

Hanyar tafiya kuma. In kana kallonsa daga sama bakin yana juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya. Don haka in gefen katakon yana gabanka, ka taso daga dama... a'a, astagfirullah, daga hagu zuwa dama. Daga hagu zuwa dama. In kana zagaya teburi ta waje, kishiyar agogo ke nan, in kuma cikin rami ne kamar firam ɗin madubi, sai ka bi agogo. Ba sai ka haddace ba ma, hannunka zai ji: in kana turawa yana ɗan turjewa, daidai kake. In ka ji shi yana jan ka yana son gudu kamar akuya ta ga ƙofa a buɗe, ka juya. Kuma ka fara da kan katakon, wajen da zarto ya yanka a gicciye, nan ne yake ɓallewa a kusurwa, in ka zo bin tsawon sai ya share ɓarnar. Ka daina tsayawa wuri ɗaya, shi ke kawo baƙin tabon ƙuna, kuma samfefa sai ta ci ranka kafin ta fitar da shi.

Ita robar gindin da ka ce tana motsi, ka ga na kama ka, haka suke. Ka saita zurfi, ka ɗaure, ka gwada a guntun katako, ka auna, sannan ka taɓa na aikin. Kullum. Ni nawa cire robar ƙasan na yi, na yanka filawud mai ɗan faɗi na ɗaura masa da sukurorinsa, ya daina kifewa a gefe. Da yawansu ma kaurin jikinsu milimita 65 ne, irin na Makita ɗin suka kwaikwaya, shi ya sa wani gindin yake shiga wani. Amma ka gwada kafin ka biya.

Katakon ma ka matse shi da kilam a benci, kada ka ce yaro ya danne maka. In MDF ne kuwa, allon nan da ake yi da garin katako, ka fita waje, ka rufe hanci da takunkumi na gaske, ƙurarsa kamar garin fulawa take kuma da gam aka haɗa shi, kwana biyu za ka yi kana kaki. Tabarau dole. Kunne ma ka toshe, kuma kada ka kunna shi lokacin da maƙwabta ke barcin rana, ni an taɓa aiko mini. Katakon da ka sayo a Na'ibawa in ɗanye ne ka jingine shi a inuwa ya sha iska tukuna, in ba haka ba hunturu na shigowa aikin zai murɗe ka ce rauta ne.

Baki in ya yi danƙo, ɗan kananzir da tsohon burushin haƙori. Kabon guda biyun da ke cikin kwali ka adana su, ranar da ka ga yana tartsatsi da yawa ko yana yankewa su ne.

Kai, minti goma sha ɗaya. Nura, ka ɗauko hoton kolet ɗin da na bakunan ka turo nan, ka ɗora su a kan farar takarda don in gani da kyau. Asabar in Allah ya kai mu ka zo da shi bayan la'asar, akwai guntayen malaina a zaure mu gwada. Ka zo da sifanarka, tawa ta biyun ba ta fita daga gidan nan. Sai da safe.