Amsar tambayarka a kan lambar 100-3 da 102-3

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce bokilan ɗin da kuke haƙa tushen gini da ita a arewacin Jidda ta rage ƙarfi, allonta ya nuna 100-3 da 102-3, kun sa sabuwar sensar baƙin mai, wato na'urar da ke auna bugunsa ta aika wa kwamfutar injin, amma lambar ta dawo, yanzu kuma mai kula da aikin ya ce ka goge lambobin kawai a ci gaba da haƙa. Kana tambaya ko sabuwar sensar ce jabu, ko kuwa kwamfutar injin ce ta lalace.

A ganina ba ɗaya daga cikin biyun. Kun dai bar jaki kuna dukan taiki. Kuɗin sensar nan da kun adana shi, domin lambar ba ta ce muku sensa ta mutu ba.

Lambar nan gida biyu ce. Ta farko, wadda ake kira SPN a tsarin J1939 da yawancin manyan injunan dizal ke amfani da shi, tana faɗa maka wurin da kwamfuta take magana a kai: 100 ƙarfin bugun baƙin mai ne, 102 ƙarfin iskar da tabo (turbo, mai cusa iska cikin inji) ke turawa, 110 zafin ruwan inji, 190 gudun inji, 651 zuwa 656 kuma injekta ta ɗaya zuwa ta shida. Caterpillar na da nata salon mai suna CID, Komatsu ma da nata lambobin, don haka kada ka raba kanka da littafin motar da ke gabanka. Amma gida na biyu, wato FMI, mai faɗa maka irin matsalar, shi ne yara ke tsallakewa, alhali a nan maganar take. In ka ga 0, kwamfuta tana cewa awon daidai ne kuma ya wuce ƙima. In 1 ce, awon daidai ne amma ya yi ƙasa. 2 na nufin awon yana rawa, ba shi da kan gado. 3 wuta ta yi yawa a wayar, 4 wuta ta yi ƙasa, 5 kuma layin ya katse.

Ka ga ke nan 100-1 da 100-3 ba su haɗa hanya ba ko kaɗan. Ranar da ka ga 100-1, kashe injin nan take, kada ka saurari kowa. Duba baƙin mai a sanda, sannan ka ɗaura agogon awo na hannu ka ga gaskiyar bugun man da idonka. Injin da ke aiki ba isasshen mai ba ya daɗewa yake cin boris ya buga, kuma gyaransa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ita kuwa 100-3 cewa take yi wutar da ke dawowa daga sensa ta haura iyakar da lafiyayyar sensa za ta iya aikowa. Wannan maganar waya ce da soket kafin ta zama maganar sensa.

Yanzu dubi abin da ya fi jan hankalina a saƙonka: lambobi biyu, duka da 3 a ƙarshe, lokaci ɗaya. Da wuya sensa biyu su mutu a rana guda. Irin waɗannan sensocin waya uku gare su: ɗaya tana kawo musu bolt 5 daga kwamfuta, ɗaya nagatif ce, ta uku ita ke mayar da awo, wanda yawanci yake yawo tsakanin rabin bolt da bolt huɗu da rabi. A injuna da yawa sensoci biyu ko uku kan yi tarayya a wayar bolt 5 ɗin da kuma ta nagatif. In nagatif ɗin da suke tarayya a kai ta katse, awonsu duka sai ya tashi sama, kwamfuta ta rubuta 3 a gaban kowacce. Nan nake zargi.

Gobe da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ka ɗauki mitarka ta auna wuta. Kunna makulli amma kada ka tayar da injin. Zare soket ɗin sensar baƙin mai, ka auna tsakanin wayar wuta da ta nagatif. Ya kamata ka ga kusan bolt 5. In ba ka gani ba, bar jan tsinken mita a wayar wuta, ka ɗora baƙin a jikin injin inda ƙarfe yake tas. In a nan bolt 5 ta fito, to ka kama ɓarawon, nagatif ce ta katse. In kuma duka biyun lafiya suke, koma kan wayar awo: ko ta katse, ko ta goge tana taɓa wata mai wuta.

Daga nan aikin ido ne da yatsa. Haska fitila cikin soket ɗin. Iskar Jidda mai laima ce da gishirin teku, za ka iya tarar da ƙusoshin sun yi kore kamar gansakuka, ko ɗaya ya zame baya ba ya kaiwa ga ɗan'uwansa. Ja kowace waya a hankali daga bayan soket, wadda ta saki za ta biyo hannunka. Sannan ka bi damin wayoyin taki-taki, musamman inda aka ɗaure shi a jikin inji da inda ya ratsa kusa da tabo. A can robar kan bushe ta tsage, jijjigar inji kuma ta yi ta goga ta a ƙarfe har tagullar ta tsinke a ciki, waje kuwa ka gan ta sumul. In da kwamfutar gwaji a wurin, sa wani ya zuba wa allon ido kai kuma kana motsa damin da hannu. Inda awon ya yi tsalle, nan ne. Abu ɗaya da na hana ka: kada ka huda waya da allura don ka auna, ramin nan ne ruwa zai bi ya cinye ta nan da wasu watanni.

In ka samu wurin, kada ka murɗa wayoyin ka naɗe da salatif. Zafin ƙasar nan narkar da gam ɗinsa yake yi. Matse su da mahaɗi na ƙwarai, ka rufe da robar da ake gasawa ta kama, ka ɗaure damin nesa da abin da ya goge shi.

Kwamfutar inji ita ce ta ƙarshe da ake zargi. Tana lalacewa, musamman in an yi walda a jikin mota ba a cire batir ba, ko an juya wayoyin batir wajen ba da wuta. Tambayi direban ko an yi ɗaya daga ciki a kwanakin nan. In ba a yi ba, ka ƙyale ta tukuna.

Maganar gogewa kuwa, ka yi wa mai kula da aikin bayani cikin ladabi. Lambar da matsalarta ke nan daram, ko ka goge ta dawowa za ta yi da ka kunna makulli. Kuma muddin 100-3 na nan, kwamfuta ba ta ganin bugun baƙin mai, ke nan ko man ya tsiyaye ba mai yi muku gargaɗi. Tsofaffin lambobin da ke ajiye su ma kada ka taɓa su sai ka rubuta su a littafinka, da awar da injin yake kai lokacin da suka fito, da sau nawa kowacce ta maimaitu. Su ne tarihin motar, wanda zai zo bayanka zai nema.

Tunda bazara ta kama, ka sa ran ganin 110-0 a motocin nan. Wannan zafi ne na gaske. Ko da yake hukuma ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, ƙurar wurin haƙa ita kaɗai ta isa ta toshe haƙarƙarin lagireto. Hura shi da iska ta ɓangaren da zai mayar da ƙurar inda ta shigo, duba fanbel, kuma kada ka buɗe murfin ruwa sai injin ya huce. Haka nan bututun dizal mai zuwa injekta, kada ka sassauta shi inji na aiki, bugun da ke cikinsa ya haura dubu a ma'aunin matsi na "bar", yana huda fatar mutum.

In ka gama awon gobe, turo mini abin da mita ta nuna a wurare biyun da hoton cikin soket ɗin, mu ga ko sai na zo da kaina. Ka gaida mutanen gida.