Suna ta dariya, ni ban san abin da ake wa dariya ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Watana huɗu da fara aiki a wani ofis. Abokan aikina ba sa magana sai da kalaman ƙwallo da na finafinai masu dogon zango. Jiya ana gardama kan wata takarda, shugabanmu ya ce "mu je VAR", kowa ya kwashe da dariya, ni na yi tsuru. Ni ce baƙauyiya, ko su ne ba su kyauta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ƙauyanci ba ne. VAR tsarin bidiyo ne da alƙalin wasa ke komawa ya sake duba abin da ya faru, kuma sai a 2018, a Rasha, ya shiga gasar cin kofin duniya. Nufin shugabanku a sake duba takardar. Ga mai kallon ƙwallo, kalma uku sun gama magana, har da raha a kai. Shi ya sa ba na cewa a daina.

Amma dubi jan kati. Wani alƙalin wasa ɗan Ingila, Ken Aston, ya ɗauko dabarar daga fitilar ba da hannu ta kan titi, bayan ruɗanin wasan Ingila da Ajantina a 1966, inda aka kori ɗan wasa ya daɗe bai fita ba, shi da alƙali ba sa jin yaren juna. A 1970 aka fara amfani da tsarin katin a gasar cin kofin duniya a Meziko. Yau ko wadda ba ta taɓa kallon wasa ba, in ta ji an ba wane jan kati, ta gane an kore shi, domin ja ya riga ya faɗi ma'anarsa. Maganar fim kuwa, sai wanda ya kalla.

Na ga wannan da idona lokacin da nake koyarwa. Na jefo wata magana daga wani shiri, rabin aji ya fashe da dariya. Wata yarinya a layin baya ta sunkuyar da kai tana rubuta ta a littafinta, tana zaton cikin darasi take. Har yau abin yana sosa mini rai. Tun ranar, in na faɗi irin wannan, sai na bi ta da jimla ɗaya ta bayani.

Wannan nauyin a kan shugabanku yake, musamman a taron aiki, inda rashin ganewa kan sa mutum ya yi kuskure. Ke kuma kada ki yi dariyar yaƙe. Samu wadda kuka fi shiri, ki ce mata, "Don Allah me ake nufi?" Yawanci da murna za ta ba ki labarin tun daga farko.