Filin Likitan Dabbobi: Kyanwata na amai da ta gama cin abinci

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Kyanwata shekararta biyu, tana wasanta, ba ta rame ba. Amma sau biyu ko uku a mako, da ta gama cin busasshen abincinta mai ƙwaya-ƙwaya sai ta dawo da shi yadda ta haɗiye shi. Cikin wata guda na canza mata abinci har kala uku, abin bai daina ba. Don Allah wanne zan saya mata? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki dakata da sayen na huɗu tukuna. Canjin da kike yi a kai a kai shi kansa yana iya ɓata mata ciki, kuma bisa bayaninki ba mu zargin abincin. Yadda take cin sa muke zargi.

Abu biyu ne ake haɗa su a kira su amai, alhali ba ɗaya ba ne. A amai na gaske kyanwa kan fara lasar baki, miyau ya zubo, ta yi ta kakari cikinta yana shiga yana fita, sannan abin ya fito ya ɗan narke, wani lokaci da ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ko kumfa. Ɗayan kuwa tumbuɗi ne irin na jarirai. Babu kakari, babu yunƙuri. Ta sunkuyar da kai kawai abincin ya zubo, ƙwayoyinsa ba su ko farfashe ba, sau da yawa a dunƙule dogo saboda ya ɗauki siffar bututun maƙoshi. Yakan faru mintuna kaɗan bayan ci, kuma ba abin mamaki ba ne ta juya ta sake cinye shi. Abin da kika kwatanta ya fi kama da wannan.

Dalili kuwa, tumbin kyanwa ƙarami ne. Halittarta ta kama ɓera ɗaya ta ci, ta huta, ta sake kama wani, ƙananan ci da yawa tsakanin dare da rana. In aka bar ta da yunwa tun safe sannan aka cika mata kwano, sai ta yi ta haɗiya ba tauna, har da iska. Busasshen abinci ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, yana shiga ciki ya sha ruwa ya kumbura, abin da bai samu wuri ba ya dawo.

Ki fara da auna abincin. Kyanwa mai kilo 4 da ke zaune a gida tana buƙatar kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki) 200 zuwa 240 a rana. Yawancin busasshen abinci yana da kalori 350 zuwa 400 a kowane giram 100, ke nan rabonta na yini bai wuce giram 50 zuwa 70 ba. Ki duba jikin leda don ki ga na wanda kike da shi, ki auna da sikelin kicin, kada ki yi da ido. Ki raba shi gida biyar, kowane kaso wajen giram 12, wato ƙasa da babban cokali biyu. Sannan ki daina zuba mata a kwano mai zurfi. Ki baza ƙwayoyin a faffaɗan tire yadda sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ko ki rarraba su a ramukan kwalin ƙwai mai tsabta. Akwai kwanuka masu tudu da kwari da aka yi don wannan aiki. Idan kika sa wani abu a tsakiyar kwano don ta riƙa kewaya shi, ya zama ya fi ƙarfin bakinta. In akwai wata kyanwar a gidan, ki raba musu ɗaki lokacin ci, don tsoron a ƙwace mata na sa ta gaggawa ko da ba a yi faɗa ba.

Ki zaɓi ɗaya daga cikin ukun da kika saya, ki tsaya a kansa mako biyu. Idan an yi haka tumbuɗin bai ragu ba, ko tana dawo da ruwa ma, ko ta fara tari, a kai ta a duba maƙoshin. Ƙwayar magani da aka ɗura wa kyanwa a bushe, musamman maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna doxycycline, takan maƙale ta ƙona bututun har ya tsuke daga baya. Shi ya sa ake bin kowace ƙwaya da ɗan ruwa ko lomar abinci.

Tambaya: Likita, na gwangwani ya fi ko busasshe, ga kyanwa mai saurin ɓacin ciki? Kuma ta yaya ake canzawa ba tare da ta yi gudawa ba? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, ga mai amai bayan ci mun fi karkata ga jiƙaƙƙen abinci na gwangwani ko na ƙaramar leda. Kashi 75 zuwa 80 cikin 100 nasa ruwa ne, ba ya kumbura a ciki, kuma yana mayar mata da ruwan da amai ke kwashewa. Ledar giram 85 takan ɗauki kalori 70 zuwa 85, don haka mai kilo 4 za ta ci kamar uku a yini, a rarrabe. Sai dai yana da nasa sharaɗin. Kada a ba ta shi da sanyin firij, a ɗan ɗumama shi ya kai ɗumin jiki. Abin da ta rage a kwano a zubar bayan awa ɗaya zuwa biyu idan ana zafi. Gwangwanin da aka buɗe a juye shi a mazubi mai murfi, a sa a firij, a ƙarar da shi cikin kwana biyu zuwa uku. Wanda ba zai iya barin busasshe ba, ya jiƙa kason da za ta ci da ruwan ɗumi minti goma kafin ya ba ta, ya kumbura a kwano maimakon a cikinta. Shi ma busasshen yana lalacewa: kitsen da aka shafe shi da shi yakan yi ɗoyi idan ledar ta daɗe a buɗe a wuri mai zafi. A naɗe bakin ledar, a sa ta a bokiti mai murfi, kuma kada a sayi buhun da zai yi watanni ana ɗiba.

A jikin kowane abinci ka duba ko an rubuta cewa cikakke ne da zai iya zama abincin kyanwa shi kaɗai. Wasu na marmari ne kawai. Masu bin ƙa'idar AAFCO ta Amurka ko FEDIAF ta Turai sukan faɗi haka a jiki. Hoton da ke gaban leda ba ya gaya maka komai.

Canji kuma a yi shi cikin kwana 7 zuwa 10. Kwana biyu ko uku na farko, kaso ɗaya na sabo da kaso uku na tsoho. Sai rabi da rabi, sai uku da ɗaya, sannan sabo zalla. Idan kashinta ya yi ruwa a wani mataki, a koma matakin baya a ƙara kwana biyu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Muzuruna yana amai na gaske, da kakari, awa ɗaya ko biyu bayan ci, kusan kullum sai an samu. Yana yawan susar kai da wuya har ya ji wa kansa ciwo. An ce mini abincin ne bai karɓe shi ba. Yaya zan gane? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Amai da ƙaiƙayin kai da wuya in suka haɗu, lallai a yi tunanin alaji na abinci, wato jikinsa yana ƙin wani abu da ke cikin abincin. Amma a fara da abin da ya fi yawa: a ba shi maganin tsutsar ciki, a yi maganin ƙuma, likita ya duba kashinsa. Tsutsa kaɗai na iya jawo aman, ƙuma kaɗai na iya jawo susar.

In an kawar da waɗannan, sai gwajin abinci. Abin da jikin kyanwa ke ƙi yawanci furotin ne, kuma waɗanda aka fi kamawa da laifi su ne naman shanu, kifi, kaza da madara, wato abubuwan da ta daɗe tana ci. Mutane kan ɗora wa hatsi laifi, su kashe kuɗi a kan abincin da aka ce babu hatsi a ciki, alhali kazar da ke damun dabbar tana nan daram a cikinsa. Gwajin jini na alaji ba abin dogaro ba ne a nan. Hanya ɗaya tabbatacciya ita ce ki rubuta duk irin naman da ya taɓa ci, a zaɓa masa wanda bai taɓa ɗanɗana ba, kamar zomo ko agwagwa, ko kuma abincin asibiti da aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana yadda garkuwar jiki ba za ta gane shi ba. Shi kaɗai zai ci, da ruwa, har mako 8. Amai yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, fata ce ke jan lokaci.

Inda gwajin ke rushewa sanannu ne. Wani a gida ya ji tausayi ya miƙa masa ɗan nama. Ya lashi kwanon wata kyanwar. Ya fita waje ya yi farauta ko maƙwabta su ciyar da shi. An naɗe masa magani a cikin kifi. Loma ɗaya ta isa ta mayar da aiki baya, don haka ki sanar da kowa a gidan, kuma ya zauna a ciki har a gama. Ki kuma karanta jerin kayan haɗi zuwa ƙarshe, domin abinci da yawa da aka rubuta agwagwa a gabansa akwai kaza a bayansa. Idan ya warke, a sake ba shi tsohon abincin. Ciwon ya dawo cikin mako biyu, an tabbatar ke nan. Mutane da yawa ba sa son wannan mataki na ƙarshe, amma in ba a yi shi ba za a iya ɗaure dabba da abinci mai tsada har ƙarshen ranta a kan zato.

Tambaya: Likita, idan ta yi amai in hana ta abinci yini biyu cikin ya huta? Ko in ba ta madara? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ko ɗaya, Malam. Babbar kyanwa ba ta iya narkar da sukarin da ke cikin madara, gudawa za ka ƙara mata. Horon yunwa kuma haɗari ne gare ta fiye da kare. Kyanwa, musamman mai ƙiba, in ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba kitse na iya taruwa a hantarta, ciwon da kan kai ga mutuwa. 'Yan ƙanana kuwa sukarin jininsu ke faɗuwa cikin awoyi.

Idan sau ɗaya ta yi kuma tana da kuzari, ɗauke abincin awa uku zuwa huɗu, ka bar mata ruwa kaɗan-kaɗan. Sannan ka dafa tsokar kaza a ruwa zalla, ba fata, ba ƙashi, ba gishiri, ka yayyaga, ka ba ta ƙaramin cokali biyu. Ta riƙe shi awa biyu, ka ƙara. A yi haka kwana ɗaya ko biyu, a komar da ita abincinta a hankali. Kada ya zama abincin kullum, don tsoka kaɗai ba ta da sinadarin kalsiyam da ƙashi ke buƙata. Romon da aka sa wa albasa ko tafarnuwa kada ya kusance ta, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta. Abincin kare ma ba nata ba ne, ba lallai ya ƙunshi isasshen sinadarin da ake kira taurine ba, kuma tun 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna rashin wannan sinadari yana lalata zuciyar kyanwa. Maganin mutane kuwa, musamman farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Tawa shekararta 12. Tana ci sosai kamar ba ta ƙoshi, tana amai, kuma kullum ramewa take. Wane abinci ne zai mayar mata da jiki? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan ba matsalar da abinci zai warware ba ce, gwajin jini da na fitsari take buƙata a wannan makon. Tsohuwar kyanwa mai yawan ci tana ramewa, abin da ake fara nema shi ne ƙwayar tayirod da ke wuya ta yi aiki fiye da kima, sai ciwon suga. In da yawan shan ruwa da fitsari, a duba ƙoda. Idan jini ya fito lafiya, a ɗauki hoton ciki a ga ko bangon hanji ya yi kauri, alamar daɗaɗɗen kumburi ko daji. Kowanne da irin abincinsa, kuma suna saɓa wa juna: na mai ciwon ƙoda an rage masa fosfaras da furotin, na mai suga an ƙara masa furotin an rage sitaci. Wanda ya zaɓa da ka yana iya ba da akasin abin da ake so.

Ga duk mai kyanwa, akwai alamun da ba a kwana da su. Amai sau uku ko fiye a yini. Jini a ciki, ko baƙi-baƙi kamar garin kofi. Ta kasa riƙe ko ruwa, ko ta yi yini guda ba ta ci ba. Dasashinta ya bushe yana danƙo, ko fatar wuyanta in an ɗaga ta ƙi komawa da sauri. Muzuru yana amai yana yunƙurin fitsari ba ya fita, wannan mafitsara ce ta toshe, awoyi ake lissafawa. Idan kuma aka ga zare a ƙarƙashin harshe ko yana leƙowa ta dubura, kada a ja, yana iya yanka hanji. Za ki je asibiti, ki tafi da ledar abincin, da hoton aman a waya, da takardar da kika rubuta lokacin kowane ci da lokacin kowane amai.