Hukuncin mijin da ya ɓoye katin zaɓen matarsa kafin ƙuri'ar Kudancin Sudan (tambaya da amsa daga kwanakin da suka gabaci ƙuri'ar Janairu 2011)

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kosti da ke arewacin Sudan, asalin gidanmu Maiurno. Matata 'yar ƙabilar Shuluk ce daga Malakal a Kudancin Sudan, musulma ce mai riƙo da salla, kuma mun shekara 22 da aure. Ita da babban ɗanmu sun yi rajista a watan Nuwamba domin ƙuri'ar raba gardama kan ko Kudu za ta rabu da Sudan, wadda za a fara ranar 9 ga Janairu 2011. Yaron haɗin kai yake so, ita kuwa ta ƙi faɗa mini ra'ayinta, amma na san danginta rabuwa suke so. Wani mai wa'azi ya ce duk musulmin da ya dangwala wa rabuwa ya kafirta, kuma wajibi ne miji ya hana. Saboda haka na ɗauke katinta na ɓoye. Shin ya halatta in tsare ta a gida har a gama?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, na lura cewa ka riga ka ɓoye katin kafin ka tambaya, kuma da ka tambaya tun farko da ya fi. Duk da haka, rubuto tambayar alama ce ta cewa zuciyarka ba ta natsu da abin da ka yi ba.

Abin da ya sauya hukunci a mas'alarka shi ne cewa ta riga ta yi rajista. Dokar ƙuri'ar ta shekarar 2009 ta shardanta cewa sakamako ba zai inganta ba sai kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka yi rajista sun fito, in ba haka ba a sake zaɓen cikin kwana 60. Ke nan wanda sunansa yake cikin kundi, zamansa a gida ma lissafa shi ake yi. Idan ka tsare ta, kana zaton ka raba ta da lamarin ne gaba ɗaya, alhali kuwa ka yi amfani da sunanta ka ƙara nauyi a ɓangaren da kake so, ba da izininta ba. Kai da kanka doka ba ta ba ka ƙuri'a a wannan zaɓe ba, domin na 'yan Kudu ne, kuma ɗanka ma ta wajen mahaifiyarsa ya samu. Ƙuri'a nau'i ce ta shaida, mai ita ne za a tambaya a kanta, ba mijinta ba. Biyayyar da shari'a ta ɗora wa mace ta shafi haƙƙoƙin aure da zaman gida, ba ta kai ga mallakar shaidarta ba. Ko a dukiyarta, malamanmu na Malikiyya ba su ba miji ikon hanawa ba sai in za ta yi kyautar abin da ya wuce sulusi. Katin nata ne, riƙe shi ba tare da yardarta ba bai halatta ba, ka mayar mata da shi yau. Miji yana da haƙƙin hana fita idan akwai tsoro na gaskiya a kan rai ko mutunci, to idan wannan ne damuwarka, kwana bakwai aka ware, daga 9 zuwa 15 ga wata, ka zaɓi ranar da gari ya lafa ka raka ta da kanka.

Rajista da sunan ƙarya, sayar da kati, da karɓar kuɗi don dangwala wa wani ɓangare, duk haramun ne babu saɓani.

Maganar mai wa'azinku ita ce take buƙatar tsayawa. Gaskiya ne cewa akwai malaman da suka haramta wa musulmi zaɓar rabuwa, suna ganin za ta raunana musulmin Kudu ta kuma buɗe ƙofar yayyaga sauran ƙasar, kuma wannan tsoro ne da mai hankali ba zai raina ba. Ni kaina zuciyata ta fi karkata ga hannaye biyu da suka riƙe juna a kan takardar zaɓen, alamar haɗin kai, fiye da hannu ɗaya da aka ɗaga, alamar rabuwa, saboda ina tunanin 'yan kasuwarmu da ke garuruwan Rank da Malakal na Kudu, da makiyayan da ke gangarawa da shanu Kudu duk rani. Amma tsakanin cewa "ina ganin wannan ya fi maslaha" da cewa "wanda ya saɓa mini ya fita daga Musulunci" akwai tazara mai nisa. Kafirtawa hukunci ne da ba ya tabbata sai da nassi bayyananne da kuma ƙaryata abin da aka sani na addini tilas, kuma matarka ba ta musanta Allah ba, ba ta musanta Manzonsa ba, ba ta halatta wani haram ba. Ayar da suke kafa hujja da ita, wadda ta yi umarni da riƙo da igiyar Allah ta kuma hana rarrabuwa, malaman tafsiri sun fassara igiyar da Alƙur'ani da addini da jama'ar musulmi, ba wanda ya fassara ta da iyakar da Turkawa da Ingilishi suka bar mana. Ingilishin nan su ne suka rufe Kudu da dokar yankunan da aka killace a 1922, suka hana 'yan Arewa shiga sai da takarda. Mu da kakanninmu suka baro ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi a 1903 suka zauna a bakin Kogin Nilu, ya kamata mu fi kowa sanin cewa iyakoki suna sauyawa, imani yana nan inda yake.

Sannan wannan ƙuri'a ba 'yan Kudu ne suka ƙirƙire ta da rana tsaka ba. Sharaɗi ce a cikin yarjejeniyar da mataimakin shugaban Sudan Ali Usman Ɗaha da jagoran 'yan tawayen Kudu John Garang suka sa wa hannu a Nairobi ranar 9 ga Janairu 2005, bayan yaƙin da aka gwabza tun 1983, wanda aka ƙiyasta ya ci rayuka kusan miliyan 2. Shugabanni sun ƙulla alkawari don tsayar da jini, kuma cika alkawari wajibi ne ko da sharaɗinsa ya yi ɗaci, kamar yadda sharuɗɗan Hudaibiyya suka yi wa Sayyidina Umar nauyi amma aka cika su. Idan zaɓar ɗaya daga cikin abubuwa biyun da yarjejeniyar ta tanada kafirci ne, me mai wa'azin zai ce game da waɗanda suka sa hannu, da alƙalai da malaman da suka zauna ƙarƙashinta shekara shida? Idan kuma hujjarsa ita ce musulmi zai koma ƙarƙashin mulkin wanda ba musulmi ba, sahabbai sun zauna a Habasha da umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Matar da ta ga abin da yaƙi ya yi wa garinsu, ta yi nazari ta ga rabuwa ce za ta hana shi dawowa, iyakarta ta yi daidai ko ta yi kuskure a mas'alar ijtihadi.

Ka kuma lura cewa ba ka san abin da za ta zaɓa ba, zato kawai ka yi daga ra'ayin danginta. Kana da damar yi mata nasiha da lallashi, ka faɗa mata tsoronka a fili, sannan ka bar ta da Ubangijinta a bayan labule. Ina gargaɗinka da babbar murya: kada fushi ya kai harshenka ga rataya saki a kan wannan ƙuri'a, domin a mazhabarmu sakin da aka rataya yana aukuwa idan sharaɗin ya auku, ga shi kuma zaɓen a asirce ake yin sa, sai ka wayi gari cikin shakkar aurenka. Ka kuma ja kunnen ɗanka, kada ya ɗauko kalmar kafirci daga masallaci ya kawo ta gaban mahaifiyarsa.

Ina jin abin da ya fi damunka a ƙasan zuciya shi ne kada rabuwar ƙasa ta zama rabuwar gidanka, musamman da kake ganin jiragen ruwa suna barin tashar Kosti cike da masu komawa Juba da Malakal. Aurenku ba ya warwarewa da sakamakon zaɓe kowane iri ne. Amma har yanzu shugabannin Arewa da na Kudu ba su daidaita a kan batun zama ɗan ƙasa ba, wa'adin riƙon ƙwarya da yarjejeniyar ta tanada kuma zai ƙare ranar 9 ga Yuli 2011. Saboda haka tun yanzu ka nemo takardar aurenku, da takardun haihuwar yaran duka, da shaidar zamanka ɗan ƙasa, ka adana su wuri ɗaya, wanda ba shi da ita a cikinsu ka yi masa kafin wannan rana.

Allah ne mafi sani.