Ƙura ta lafa a waje, amma tari bai bar gida ba

'Yar'uwa, kin ce yau kwana huɗu da wucewar guguwar ƙura, gari ya washe, amma ɗanki na kwana tari, ke kuma idonki na ƙaiƙayi, kina tambaya ko mura ce. Ni ba likita ba ce, sai dai shekara tara ke nan ina rainon yarinya mai asma, don haka na ɗan san takan ƙura.

Wadda ta lafa a waje tana nan kwance a ɗakinki. Ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, ta lafe a labule, katifa, kafet da fukafukan fanka. Da an faɗa kan kujera ko an kaɗe filo, an tashe ta. Gwada wannan yau da dare: kashe wuta, ki bugi katifa sau ɗaya, ki haska fitilar waya. Ranar da na gwada, ji na yi kamar in ɗauki yarinyar mu kwana a waje.

Kuma wadda yara ke rubuta suna da yatsa a kanta ba ita ce abin tsoro ba. Wannan mai kauri ce, hanci da maƙogwaro ke tare mafi yawanta, ita ke kawo atishawa, majina da jan ido. Mugunyar ita ce wadda ido ba ya gani, da ake kira PM2.5. Silin gashi ɗaya ya fi ƙwayarta kauri kusan sau 30. Tana daɗewa tana yawo a iskar ɗaki, ta ratsa har ƙarshen huhu, mafi ƙanƙantarta ma ta shiga jini. Shi ya sa ba mai asma kaɗai take kayarwa ba, har tsoho mai ciwon zuciya da mai ciki da jariri. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yini guda kada ta wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska, guguwa kuwa takan ninka wannan sau da yawa.

Ni da hannuna na taɓa jawo mana. Gari na washewa na ɗauki tsintsiya na share ko'ina fes, na kunna fanka, ina ganin na yi abin kai. Wajen ƙarfe biyu na dare ƙirjin yarinyar ya fara fito, inhela, wato maganin asma na shaƙa, ta ƙi ci, a asibiti muka wayi gari. Ashe ɗauke ƙurar na yi daga ƙasa na kai mata hanci.

Tun daga nan ba na sharar bushe. Jiƙaƙƙen tsumma nake bi da shi daga sama zuwa ƙasa, fanka tukuna, sannan taga, ƙasa a ƙarshe, yara kuma suna wani ɗakin har ya bushe. Ɗakin kwana nake fara yi, tunda a nan ake shafe awa takwas ana shaƙa. Zanin gado da rigar filo da labule a wanke, ba a kaɗe ba. Kafet dai na haƙura da shi. In kina da na'urar sanyaya ɗaki, ciro rariyarta ki wanke, za ki sha mamaki. Ki sa takunkumin N95, wato mai tace ƙurar da ido ba ya gani, lokacin aikin, na yadi ba ya tare ta sosai. Idan waje ya yi garau ki buɗe taga, don ɗakin da aka toshe kwana da kwanaki yana tara hayaƙin girki da na maganin sauro, su haɗu da ƙurar.

Shi kuwa yaron, ya yawaita shan ruwa, ido a wanke da ruwa mai tsabta, ban da murzawa. Amma in kin ga numfashinsa na sauri, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ya kasa ƙarasa magana, leɓensa ya canja launi, ko zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, kada ki jira gari ya waye. Allah ya ba shi lafiya.