Tambayi Likita: Tabo Kamar Ƙwayar Gyaɗa Ya Kwantar da Baba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu shekarunsa 63, yana da hawan jini amma ba ya son shan magani. Watan jiya da asuba zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, ƙafar dama ma ta ƙi ɗaukarsa. A hoton ƙwaƙwalwa aka nuna mana tabo da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma a ɓangaren hagu. Yaya ɗan wannan abu zai kwantar da babban mutum? Me ya haɗa hagu da dama? Wasu dangi sun ce shafar aljanu ce, tunda hankalinsa garau yake. Daga 'yarsa, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. 'Yar'uwa, hoton bai yi kuskure ba. A ƙwaƙwalwa, ba girman tabo ake fara dubawa ba, inda ya faɗo ake dubawa.

Umarnin motsi daga ɓawon ƙwaƙwalwa yake fitowa, saman nan mai lanƙwashe-lanƙwashe. A can kowace gaɓa da unguwarta: fuska daban, hannu daban, ƙafa daban. Zaruruwan jijiya kusan miliyan 1 ne a kowane ɓangare ke gangarowa daga nan zuwa laka. Da fari a baje suke kamar mafici, amma da sun nutsa ciki sai su cure cikin wata siririyar hanya fara da muke kira intanal kafsul.

Ke 'yar Kaduna ce, kin san yadda motocin Kawo da Unguwar Rimi da Tudun Wada ke haɗuwa a gadar kogi ta wajen sitadiyam in za su Kakuri ko Barnawa. Idan tirela ta mutu a wani layi na Unguwar Rimi, 'yan layin kaɗai ta dama. Idan a kan gada ta mutu, kowa ya tsaya. Daga bayaninki, a kan irin wannan gada tabon Baba yake. Shi ya sa hannu da ƙafa suka tafi tare, alhali ɓawon da yake tunani da shi, yake gane ku da shi, lafiyarsa ƙalau.

Batun hagu da dama kuwa, a gindin ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya, kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na zaruruwan nan suke tsallakawa ɗaya ɓangaren. Don haka hagun ƙwaƙwalwa ke juya daman jiki.

Gadar tana da maƙwabta. A gefenta na ciki akwai talamus, curi biyu kowanne kamar ƙwan tantabara. Saƙon gani da ji da taɓi duk sai ya yada zango a nan kafin ya hau sama, ƙamshi ne kawai ke da tasa hanyar. Da nan tabon ya faɗo, da Baba yana motsi amma rabin jikinsa ya yi dundurus. A gefen waje kuma akwai curarrakin basal gangiliya masu daidaita motsi, waɗanda ke rikicewa a cutar makyarkyata ta Fakinsan. Ban manta ranar da na fara ganin waɗannan sassa a yankakkiyar ƙwaƙwalwa ina ɗalibi ba: duk abin da na lissafa miki bai cika tafin hannu ba. Tasbihi na yi.

Abin da ya fi damuna shi ne jijiyoyin da ke kai musu jini. Kaurinsu bai kai milimita 1 ba, kai tsaye suke reshe daga babbar jijiya, kuma in ɗaya ta toshe babu wata da za ta karɓe ta. Hawan jini yana dukan bangonsu shekara da shekaru ba ciwo ba alama, har bangon ya yi kauri ya toshe, ko ya fashe. Likita Mila Fisha ɗan Kanada ya bayyana irin shanyewar Baba tun 1965, kuma tabon yawanci ba ya wuce milimita 15.

Ku ci gaba da addu'a, amma ku faɗa wa dangi cikin ladabi cewa an ga sanadin da ido. Baba ya sha maganinsa kullum ko da yana jin garau, awon jininsa ya zauna ƙasa da 130/80, a rage masa gishiri da dunƙulen ɗanɗano, a duba sukarinsa. Kada ku yi wasa da zuwa gashi, wato atisayen motsa gaɓoɓi na asibiti, domin a watanni 3 zuwa 6 na farko jiki ya fi farfaɗowa. In kuka ga bakinsa ya karkace ko magana ta sarƙe masa, ku wuce asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Ke da 'yan'uwanki ma ku je a auna ku cikin satin nan, don hawan jini yana bin dangi.